Tawul Ɗaya na Inna Mai Raino

Inna mai raino ba ta taɓa haihuwa ba, amma duk layin ba igiyar shanyar da ta kai tata cika da ƙananan wanduna. Matan da ke fita aiki su ajiye mata yara da safe, su karɓe su da yamma sun sha wanka suna ƙyalli. Taƙamarta ɗaya ce: ba ta bambanta yara. Baho ɗaya, soso ɗaya, sai wani ƙaton jan tawul da ya girmi wasu iyayen.

"Ɗan nas da ɗan mai shara, duk a tawul ɗin nan suke bushewa," in ji ta. "Mai son na musamman ta kai ɗanta otal."

Ana nan sai wasu ƙuraje suka fito wa ƙaramin cikinsu a hammata, ƙanana masu sheƙi, kowanne da ɗan rami a tsakiya kamar cibiya. Inna ta ce zafi ne. Ta sa farce ta matse, ta goge da tawul, ta ce na gaba ya matso. Kafin a ankara kowane yaro ya samu nasa.

Nas ɗin, uwar ɗaya daga cikin yaran, ita ce ta zaunar da Inna a bakin baho.

"Inna, ba zafi ba ne, ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa. Farin abin da kike matsowa shi ne irinta. Hannu na ɗaukarta, soso ma, tawul ma. Yawanci da kanta take tafiya, sai dai ta ci watanni. Ba a matsewa, ba a sosawa. A rufe wurin, kowa da tawul ɗinsa. In sun yi yawa a kawo asibiti."

Inna ta dubi farcenta. "Wato ni na yi rabon ke nan, 'yar nan?"

"Kin kuwa yi adalci, Inna, ba wanda kika hana."

Suka yi dariya, ta Inna ba ta wuce leɓe ba.

Cikin iyayen ba wadda ta faɗa mata baƙar magana, sai dai da ɗaiɗai suka daina kawo yaran. Wannan dai ta ce surukarta ta zo, waccan ta ce ta samu hutu. Inna ta sayo ƙananan tawul kala-kala, ta ɗinka wa kowanne alamar mai shi, ta shanya inda za a hango daga titi.

Ƙurajen sun warke tuni, yaran har sun shiga makaranta. In sun wuce sukan ɗaga mata hannu. Tawul ɗin na nan a igiya, rana ce kawai ke cin kalarsu.