Wa Zai Tsaya wa Nura?

Akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba, lokacin ina shugaban masu sayar da mai a wani gidan mai da ke hanyar Zango, nan Daura. A ƙa'idarmu, ba a ɗaukar sabon yaro sai ya kawo mai tsaya masa, wato ma'aikacin gwamnati da zai sa hannu cewa in ciniki ya yi ɓatan dabo, shi zai biya. Ba mugunta ba ce, mun sha tafka asara.

Cikin waɗanda muka gwada akwai Nura, daga wani ƙauyen Baure, ya gama sakandare yana zaman kashe wando. Yaro ne mai kan lissafi. Manaja ya ce ya ci, amma in Juma'a ta yi bai kawo mai tsaya masa ba, a ba na bayansa. Ga shi maraya, kuma kaf danginsu babu mai cin albashi.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga shi da kakarsa, ta sauko daga mashin da ƙyar. Na ba ta benci, ta ƙi zama. Na yi mata bayani dalla-dalla cewa ma'aikaci ake nufi. Ta ce ta gane sarai, ba yau aka haife ta ba.

"Ɗan nan, ba ni da albashi, ban iya sa hannu ba. Ƙafafu Allah ya ba ni, da su zan tsaya mashi."

Ta tsaya gefen famfon kananzir, rana na dukanta. Nura kamar ƙasa ta tsage ya shige, yana ta roƙonta su tafi. Sallar azahar kaɗai ta raba ta da wurin, tana idarwa ta koma. Ni da ake yi wa kirarin taurin zuciya, ranar tausayi ya karya ni.

Na shiga na ce wa manaja, ranka ya daɗe, ni ba ma'aikacin gwamnati ba ne, amma albashina a hannunka yake, zan tsaya. Ya daɗe yana kallonta ta taga, sannan ya ce in je in ce wa Iya ta zauna.

Ta ce sai ta ga Nura cikin rigar aiki. Yana fitowa sanye da rigar, gwiwoyinta suka saki, muka tare ta zuwa benci.

Ranar na gane yawancin yaran da muke mayarwa ba rashin amana ke kayar da su ba, rashin wanda ya san su ne. In sabon yaro ya zo muku ba kowa a bayansa, kada ku yi saurin sallamarsa. Ba kowa ke da kaka ba.