Irin da ke Ƙarƙashin Rairayin Attantane

Ana idar da sallar asuba muka bar Tasawa, ni da abokin aikina da direba. Aikinmu hasashen damina ne. Lissafin ya fi ƙarfin odinatar, wato kwamfuta, guda ɗaya, don haka ake yanka shi gunduwa-gunduwa a raba wa na'urorin jami'o'i na ƙasashe da dama, su yi masa gayya. An ba mu layi zuwa la'asar ta ranar. In muka makara, sai bayan sati uku. Abin da ya rage mana kawai awon danshin ƙasa na garin Attantane.

A Mayahi muka sha isansi, tsadar man ta sa direba salati. Na sayi kopto, wato kwaɗon zogale, amma fargaba ta hana ni kai loma biyu. Daga nan hanya ta koma rairayi zalla. Sau biyu motar ta kafe, karo na biyu har wani mai amalanke ya wuce mu yana yi mana sannu, jakinsa ko kallonmu bai yi ba.

Wajen azahar muka isa. Dattijon da muka dasa na'urar awo a gonarsa ya tarye mu. Ina kwashe bayanai ina yi masa bayani da alfahari cewa za mu gano ranar da ta dace a fara shuka.

"Ɗiyata, wace shuka?" in ji shi. "Mu kam mun yi binne tun sati biyu."

Ya tona rairayi da yatsa, sai ga ƙwayoyin hatsi a bushe suna jiran ruwa. Wata uku muna shirya tambayar da garin nan ya riga ya wuce. Ya ce tsoronsa ɗaya ne, a yi ɗan yayyafi iri ya tsiro, rana ta dawo ta ƙone shi. Tiya biyu ta iri, kwanon awo biyu ke nan, ta rage masa. Ya shuka ta da ruwan farko, ko ya riƙe?

Abokin aikina ya ce mu aika yadda muka tsara, sake tambaya yanzu ganganci ne. Na ji haushinsa, don ya fi ni gaskiya a takarda. Duk da haka na zauna gindin gawo na sake ta: bayan ruwan farko, kwana nawa za a yi babu wani? Batir na ta ja baya. Rezo babu, waya ba ta kama layi, sai da muka hau wani tudu na ɗaga waya sama. Saƙon ya tafi ladan na gyara murya zai kira la'asar.

Kashegari a Tasawa sakamako ya iso: akwai alamar dogon tsaiko bayan ruwan farko. Na kira dattijon, na ce hasashe ne, Allah ne masani. Ya ce zai riƙe irin.

Ina gida yanzu, kullum idona a gabas. Tafiyar nan ta nuna mini cewa na'urori komai yawansu abin da ka tambaye su suke amsawa. Tiya biyu na wani bawan Allah tana rataye a kan maganata, kuma har yau hadari bai haɗu ba.