Ranar da Na Durƙusa wa Yarinya Saboda Injin Gyaɗa

Ku matso, 'ya'yana, ku tattaro hankalinku wuri guda. Mai surutu ya dakata, tsohuwa za ta yi magana. Abin da ya faru tsakanina da injin suyar gyaɗa, har ranar da za a kai ni makwancina ba zan manta da shi ba.

Ni ban taɓa zaman aji ba. Da suyar gyaɗa na tashi, a bakin kasko na yi furfura. Mu uku ne tsofaffi muke aiki wajen wata Hajiya Bafulatana a unguwar Sintali, mai markaɗa gyaɗar kunu tana zubawa a roba, ma'aikatan ofis suna saya. Kasko da yashi da itace, su ne kayan aikinmu. In gyaɗa ta fara ƙamshi, sai ki ɗebo a tafin hannu, ki murza, ki hure ɓawon, ki jefa a baki. Haka muka gada.

Wata safiya sai ga mota ta sauke wani ƙarfe kamar ganga a kwance, da lambobi masu haske a gefensa. Tare da shi aka kawo wata yarinya 'yar ƙabilar Mumuye, sa'ar jikata, wadda ta koyi sarrafa shi a makaranta. Hajiya ta tara mu ta ce, "Iyayena, kun yi ƙoƙari. Yanzu aiki ya koma na inji, ku je ku huta." Abokaina biyu suka yafa mayafi suka fita suna share hawaye. Ni ko motsi ban yi ba.

Na ce, "Hajiya, aljanu ne suka ƙera abin nan?"

Ta ce, "Mutane ne, Inna."

Na ce, "To ni ma mutum ce. A koya mini."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, amma ta yarda in gwada. In na kasa, in bi sahun 'yan uwana.

Yarinyar nan Hausarta irin ta garin nan ce, mace da namiji duk ɗaya. Ta ce, "Mama, in yana juyawa, kar ka buɗe, kar ka sa hannu. Shi ne zai yi kuka in ya gama." Na ce to. Amma hannun da ya shekara yana murza gyaɗa ba ya jin to. Tana juya baya don ta jawo buhu, ƙamshi ya buge ni, ban san lokacin da na ɗaga murfi na miƙa hannu ba. Ƙarfe ya lashe mini damtse. Ta rugo ta kashe injin, gyaɗar ta tsaya cak, ta ƙasa ta ƙone, ta sama ɗanya.

Kafin azahar labari ya kai wa ɗana a ofishinsu. Ya zo da takalminsa mai ƙyalli, ya kai ni aka ɗaure hannun, a hanya yana ta faɗa. "Inna, ya isa haka. Me na rage ki da shi? Abokan aikina su ji uwata tana ƙonewa a gidan wata, me za su ce?"

Na ce, "Su ce uwarka tana da rai. Ban haife ka don ka jingine ni a lungu kamar tsohon turmi ba. Kai kullum ana tura ka ƙaro ilimi, wa ya taɓa ce maka ya isa?"

Ya ajiye ni a gida, fuskar nan a murtuke.

Washegari na koma da hannu a naɗe. Hajiya na ganina ta fara, "Inna, don Allah…" Na wuce ta. Na je gaban yarinyar nan, a gaban kowa, na durƙusa har ƙasa na ce, "Malama, ina kwana."

Ta yi tsalle kamar ta taka garwashi. "Kai, Mama, tashi! Za ka jawo mini zunubi!"

Na ce, "Ba zan tashi ba sai kin karɓe ni ɗaliba. Jiya da furfurata na zo, yau na bar ta a gida."

Ku da kuke yara ba za ku san nauyin wannan ba. A wurinmu babba ba ya durƙusa wa ƙarami. Magana ta zaga Sintali har Yelwa, wai tsohuwa ta zubar da girmanta saboda ƙarfe. A gidan suna aka tare ni da maganar. Na ce musu girman da ba zai bar ni in koyi abu ba, su riƙe, na ba su kyauta.

Malamata ta zauna da ni. Lambobin nan da kamanninsu na kama su: wannan sanda ce a tsaye, wannan tulu biyu ne a ɗore, wannan ƙwai ne. Na saba da hular rufe gashi da safar hannu. In na yi kuskure ta tsawata mini, in ce na gode.

Ranar da aka bar ni da injin ni kaɗai, ƙamshin nan ya sake tasowa, tafin hannuna ya fara ƙaiƙayi. Na cusa shi a hammata na matse. Na tsaya ina kallon lambobi har injin ya yi kukansa. Na juye gyaɗa, ja jawur, ko ɗaya ba ta ƙone ba. Hajiya ta ɗebo ta tauna, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce da Fulatanci, "Useko, Inna." Wato ta gode.

Malamata yanzu ta buɗe nata wurin a unguwar Kachalla Sembe, har gobe in mun haɗu Malama nake ce mata. Hajiya ta ƙaro inji, ni ke koya wa sababbin ma'aikata. Ɗana ya daina faɗa, shi ke ɗaukar robar gyaɗa ya kai wa abokansa. Abokaina biyu kuwa, ɗaya ta dawo ta zauna a gabana ta koya, ɗayar ta rasu tana cewa inji ya cuce ta, Allah ya jiƙanta.

Abin da na koya ke nan: zamani zai zo ya same ki a bakin aikinki, ba zai yi sallama ba. Kada ki bari wani ya yanke miki ranar da za ki daina koyo, ko da ɗan cikinki ne.