Man Gyaɗa a Wayar Birki

Lokacin ina aiki a kamfanin matsar man gyaɗa a Bompai, mu ma'aikatan wurin mun ɗauka babu abin da man gyaɗa ba ya gyarawa. Ƙofa ta yi ƙara, mu ɗiga mata. Ƙafa ta tsage, mu shafa. To, da wayar birkin kekena ta fara tauri, mai gyara ya ce in zare ta daga cikin robarta, in wanke da kananzir, in sa baƙin mai. Na saurare shi kawai, a raina ina cewa yaushe za a koya mini harkar mai.

Na zare wayoyin biyu, na yi musu wanka da man gyaɗa. Sati guda birki kamar sabo, har ina ba abokan aiki shawara. Ashe da zafin rana ya dafa man, ƙasa ta shiga, sai ya koma danƙo.

A lokacin ina neman aure a Dorayi, kuma mahaifin yarinyar bai ce e ba tukuna. Dattijo ne mai lura da tarbiyya ƙwarai. Ƙa'ida kuwa sananniya ce: ka sauka daga keke tun daga nesa, ka turo shi, ka durƙusa ka gaishe shi.

Ranar wata Asabar bayan la'asar na gangaro layinsu, ga shi kan tabarma da abokansa. Na matsa birki, ko motsi. Na matsa ɗayan, haka. Da na ga ba sauka, sai na zame daga kan sirdi, na tsuguna a kan ƙarfen keken, na wuce su a guje ina cewa, "Barkanku da yamma, Baba!" Tulin yashin maƙwabci ne ya tsayar da ni.

Na dawo ina ɗingishi, yashi har cikin kunne, na riga na fid da rai. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa na faɗi gaskiya, har da man gyaɗan. Abokansa suna ta danne dariya da bakin riga.

"Ban taɓa ganin wanda ya durƙusa mini a guje ba sai kai," in ji dattijon. "Ka turo manyanka. Amma duk ranar da za ka kawo mini 'yata ganin gida, da ƙafa za ku zo."