Bakan Ɗaso da Tantabarun Wadi Nu'uman

A unguwar Utaibiyya, cikin Harami, aka haifi Ɗaso, shekara hamsin da bakwai da suka wuce. Mahaifinta maharbi ne daga ƙasar Gobir, da ƙafa ya taho aikin hajji yana saurayi, rataye da baka da kwari. Da ya iso aka faɗa masa ba a farauta a cikin Harami, ko tsuntsu ba a razanarwa. Bai yi gardama ba. Ya rataye bakan a bango ya kama tallar ruwa. Amma duk Juma'a bayan la'asar yakan cika buhu da dusar katako, ya hau saman bene da 'yarsa, ya koya mata tsayuwa da jan tsirkiya. Har ya rasu, kibiyarsa ba ta sake taɓa abu mai rai ba.

Shekara huɗu da suka wuce aka buɗe wani sansanin hutu a Wadi Nu'uman, kan hanyar Ɗa'if, inda iyalai ke kama tanti a ƙarshen mako. Marwan ne ke gudanar da shi, ɗan maƙwabtan Ɗaso, wanda ta goya yana jariri. Shi ya ɗauke ta aikin koya wa yara harbi. A nan ta fara samun fili mai taki talatin maimakon taki takwas na saman bene. Dokarta ɗaya ce, kuma kowane yaro sai ya maimaita ta kafin ya taɓa baka: buhu kaɗai ake harbi.

Ran nan cikin hutun ƙaramar salla, wani baƙo mai suna Turki ya kawo 'yarsa Shahad, 'yar shekara bakwai. Yarinyar na da hannu, sau uku a jere ta sami buhun. Ana cikin haka tantabaru suka sauko bayan tantuna suna tsintar ragowar shinkafa. Turki ya ɗaga waya yana dariya, ya ce da Larabci, "Yalla, Shahad, ga waccan mai ƙiba!"

Yarinyar ta juya bakan. Ɗaso ta sa hannu ta kama kibiyar, ta zare ta, ta karɓi bakan ta kwantar a ƙasa.

"Halas," in ji ta. "Darasin yau ya ƙare."

Turki ya ce ai an wuce iyakar Harami, allon da ke nuna iyakar yana can baya da nisa, nan farauta halal ce.

"Kai ka karanta allon," in ji Ɗaso. "Ita tantabarar da safe daga cikin gari ta taso, ba ta iya karatu ba."

Matan da ke zaune kan darduma suka tuntsire da dariya. Dariyar ce ta fi komai ɓata masa rai. Ya ja 'yarsa ya nufi ofishin Marwan.

Ba a jima ba Marwan ya fito ya same ta tana tsince kibau.

"Gwaggo, don Allah. Mutumin nan tanti shida ya kama shi da danginsa. Kalma ɗaya kawai, ki ce masa ma'alesh."

"In ba shi haƙuri a kan me? Na hana 'yarsa zubar da jini don ya ɗauki hoto?"

"Amma fa da gaskiyarsa, Gwaggo. Ba haram ba ne a nan."

"Ni na ce haram ne? Wanda yake jin yunwa ya je ya yi farautarsa. Wannan yanzu ya tashi daga kan rabin rago. Yau in na bar ta ta juya baka wajen tantabara, gobe wani zai juya shi wajen kyanwa, jibi wajen ƙanensa."

Marwan ya share gumi. Ya ce mai wurin ya riga ya kira shi: ko ta ba da haƙuri, ko a kawo wani.

Ɗaso ta dubi filin, taki talatin ɗin da ta jira shekara hamsin kafin ta samu. Sannan ta shiga rumfa ta ɗauko bakan mahaifinta, ta bar musu nasu na roba.

"Da wannan bayan na goya ka, Marwan. Ba zai rusuna wa Turki ba."

Motar wasu 'yan unguwar Ka'akiyya ta rage mata hanya zuwa gida.

Yanzu a saman bene take koyarwa, ranar Juma'a bayan la'asar. Yara biyar ke zuwa, wani makon uku. Marwan ya aiko sau biyu cewa an manta da maganar, in dai za ta sassauta dokar. Ta ce a gaida shi. Tantabaru kan sauka a kan katanga daf da buhun, kuma in sun sauka, kowa kan ajiye bakansa har sai sun tashi.