Hannun Da Aka Aike Ni In Duba

Shekarun baya, tun muna cikin Jihar Kano, lokacin da aka fara ilimin firamare kyauta, na yi aikin duba makarantu a ƙasar Gumel. Ina da sabon babur, ga biro uku a aljihun gaba, ga kai ya kumbura. A ganina duk yankin babu mai Turancina.

Wata rana maigidana a ofis ya aike ni wata firamare kusa da Gagarawa Tasha. An kawo koke a kan wani dattijon malami mai koyar da Turanci, wai hannunsa yana rawa har ba ya iya rubutu a allo. Aikina in je in gani in rubuta rahoto, in har haka ne a yi masa ritaya. Ba zan ɓoye muku ba, tun a hanya na gama tsara rahoton a kaina.

Na same shi a aji shida. Siririn mutum ne, rigarsa ta koɗe amma tsaf take. Na zauna a bencin baya ina jiran in ga yadda zai ɓoye hannun a cikin riga, sai kawai ya ɗaga shi sama da alli a tsakanin yatsu, hannun yana ta kaɗawa a gaban kowa.

"Me hannuna yake yi?" ya tambayi yara.

Wasu suka ce rawa, wasu karkarwa. Wata yarinya ta ce a gidansu makyarkyata ake cewa. Ya ce duk daidai ne, yau kuma za su ji yadda Bature yake faɗa. Ya furta tremble sau uku, suka maimaita. Yarinyar nan ya kira ta rubuta a allo, harafi bayan harafi yana faɗa mata. Sai a lokacin na lura duk rubutun da ke allon na yara ne, kuma ya fi nawa kyau.

Ya nuna musu darbejiya ta taga, ya ce ganyen da iska ta taɓa kaɗan, da kalmar nan ake faɗar motsinsa. Ya kwaikwayi muryar mai laifi a gaban alƙali, aji ya kwashe da dariya, ya ce ita ma murya haka. Daga nan ya ajiye kwanon sha cike da ruwa a kan tebur, ya ce kowa ya yi shiru. Na ce a raina, tsufa dai ya zo. Ashe ya riga kowa jin kukan jirgin ƙasa na Nguru. Da jirgin ya zo wucewa, ruwan kwanon ya kama rawa, bencin da nake kai ma haka. Yara suka haɗa baki da Turanci cewa ƙasa tana rawa, ba wanda ya faɗa musu.

Da jirgi ya wuce, ya tambaye su me ke sa jikin mutum yin haka. Suka jero: sanyi, zazzaɓi, tsoro, fushi, tsufa.

"To, nawa fa?"

Can yarinyar ta ce a hankali, "Tsufa ne, Malam."

"Kullum tsufa ne," in ji shi. "Yau kam har da tsoro. Wannan baƙon an aiko shi ne ya duba ko zan ci gaba da koyar da ku, ni kuwa ban gaji da ku ba."

Kunya ta rufe ni. Ban faɗa wa kowa abin da ya kawo ni ba, amma mutumin ya sani tun shigowata. Ya miƙo mini alli cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a rubuta mana jumla ɗaya da kalmar nan, yara su ga hannun manya."

Na tashi. Idon aji duk a kaina, kuma ba kallon ƙauna ba ne. Na ɗora alli a allo, ni mai biro uku, sai hannuna ya ƙi tsayawa. Harafin farko ya karkace, a na biyu allin ya karye. Wani yaro daga bayan aji ya faɗa da Turanci mai kyau cewa hannun Sufeto yana rawa.

Malam bai yi dariya ba. Ya ce jumlar ta yi daidai, a tafa wa wanda ya faɗa. Sannan ya ce a tafa mini ni ma, don na kawo musu misali tun daga Gumel.

A rahotona na rubuta gaskiya: malamin ba ya iya rubutu a allo, kuma ban taɓa ganin aji da ya fi nasa ba. Maigidana ya karanta, ya kalle ni ta saman tabarau, ya sa hannu. Dattijon ya ƙara shekara huɗu yana koyarwa kafin ya ajiye don kansa.

Har yau ban ga malami kamarsa ba, kuma ina ƙaunarsa duk da sau ɗaya muka haɗu. Allah Ya jiƙansa. Yanzu ni ma nawa hannun ya fara, shayi sai na riƙe kofin da hannu biyu. Da farko nakan cusa shi a aljihu in baƙi sun zo. In na tuna da shi, sai in fito da hannun in ɗora a kan gwiwa, kowa ya gani.