Sunan da Delu ta faɗa sau ɗaya

Na dawo daga karatu a waje ina shakkar ko takardun da jakadu ke aika wa gwamnati sun taɓa buɗe ƙofar kurkuku. Da wannan shakka na zauna gaban Delu, wata tsohuwar Bafulatana mai sayar da nono a kasuwar Gangara.

A shekarar babban fari shanunsu suka kusa ƙarewa. Mijinta da danginsa suka kora sauran biyar kudu, ita ta tsaya jiran ɗanta na fari, Idrisa, wanda ke lakol a birni. Can ne ɗalibai suka fita titi suna tambayar inda hatsin agaji yake shiga. Aka tarye su da kulake, aka cika motoci da su har da shi, daga nan ba labari.

Bayan wata uku aka ce wasu baƙi sun sauka garin Agiye. Ƙasashensu sun matsa wa gwamnati, har ta yarda za ta nuna duk wanda sunansa ya hau takardarsu, a raye. Gobe za su wuce. Delu ta taka da ƙafa.

A buro, ofishin da baƙin suka sauka, ta tarar da wata Baturiya da tafintanta, jandarma na bakin ƙofa. Tafinta ya nemi sunan yaron. Delu ta sunkuyar da kai. Shekara goma sha tara ba ta taɓa kiran sunan ba, don uwa ba ta ambaton ɗan fari. Ta ce ai yaron nan ne, dogo, mai tabo a goshi. Aka nemi sunan ubansa, shi ma bai faɗuwa a bakinta.

"Inna, takarda ba ta san kunya ba," in ji tafinta. "Dogaye sun cika Nijar."

Ta fita kasuwa neman wanda ya san su, ya faɗa a madadinta. Duk sun yi kudu. Ta bi rumfuna ko za ta sami mai sunansa ta nuna, mahauta suka riƙa tsokanarta wai Bafulatana ta ɓatar da saniya. Da ta komo ana ɗaure kaya a mota.

Ta riƙe ƙofar motar, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Idrisa. Idrisa Hambali."

Baturiya ta rubuta. Bayan girbi yaron ya dawo, haƙora biyu babu. Ɗan maƙwabciyarta, wanda ba a kai sunansa ba, har yau shiru. Ko takardar ce ta fid da Idrisa, Delu ba ta rantsuwa.

Na tambaye ta ko ta ƙara kiran sunan tun ranar.

Ta juya ludayi cikin ƙwarya, ta ce, "Don me? Ai yana gida."